Ɗakin Gwajin Auta

Ranar ta fara yadda ranaku suka saba farawa a gidan, da ƙwanƙwasa ƙofa. Baba bai jima da dawowa daga sallar asuba ba, yana zaune bakin gado yana laluben tabaransa, sai ga Auta ta leƙo.

"Baba, hannu."

"Yau ma ba gaisuwa, sai hannu?"

"Ina kwana, Baba. An tashi lafiya? To, hannu."

Ya miƙe ya bi ta. Ita ce ƙarama cikin 'ya'yansa biyu, kuma ɗakinta ne ƙarami a gidan, can ƙarshen baranda. Tun tuni gadonta ya matsa gefe ya bar wa kantoci wuri. Kantocin na katako ne, hawa-hawa har kusa da silin, ɗauke da kayan da Umma ke kira tarkace: tsofaffin abin sawa a kunne, ƙananan sifikoki, agogunan hannu da ba mai ɗaurawa, rediyon mota da aka ciro da hanjinsa a waje, da wasu da Baba bai taɓa sanin amfaninsu ba. Kowanne da lamba manne a jikinsa. Yawancinsu suna da 'yar fitila shuɗiya mai ƙiftawa, kowace da nata saurin. A ƙarƙashin tebur akwai wata baƙar kwamfuta da ba a kashewa, tana haɗe da babban batir saboda ɗaukewar wuta.

Ya zauna, ya naɗe hannun riga. Ta ɗaura masa na'urar awon jini ta danna. Yayin da abin ke matse masa damtse, ba shi take kallo ba, fuskar kwamfutar take kallo. Wani layi rawaya ya koma kore. Sai a lokacin ta duba lambar.

"Ba laifi. Amma gishirin nan, Baba, ina ganin ka."

Bayansa Umma ta shigo da ludayi a hannu, ta hau wani tsohon sikeli da ke bakin ƙofa.

"Wannan sikelin maƙaryaci ne, tun da ya shigo gidan nan bai taɓa faɗin alheri ba."

"Umma, ajiye ludayin, ƙila shi ne."

Da hantsi Auta ta rufe ƙofa rabi ta duƙufa. Ranar ba ta da aiki. Rabin mako take yi tana kula da kwamfutocin wani asibiti, sauran lokacinta kuwa na ɗakin nan ne. Baba ya taɓa tambayar ta, shekarun baya, wai me take yi a ciki.

Ta ce, "Baba, in ka sa abin kunne ka amsa kira babu igiya, ai sai da shi da wayar suka gaisa tukuna. Ɗaya ya yi sallama, ɗaya ya amsa, su tambayi juna suna, su yarda da wata kalmar sirri, sannan a fara magana. To akwai manhajar da ke koya musu wannan gaisuwar. Kamar bene take, hawan ƙasa na riƙe da na sama. Mu ne masu kula da ita."

"Ku su wa?"

"Mutane ne kawai, a warwatse. Ba ta kowa ba ce. Kowa na iya karanta ta, ya ɗauka, ya gyara."

Baba ya gyaɗa kai irin na uban da 'yarsa ta sami abin da zai hana ta yawo. Shi duk rayuwarsa ta aiki a ɗakin gwajin ruwan sha ya yi ta, da farar riga da takarda da hatimi. Abin da ba na kowa ba, bai ɗauke shi aiki ba.

Ran nan da hantsin, daga inda yake karanta jarida a baranda, yana jin ta tana faɗa da kwamfuta. Duk gyaran da aka aika wa manhajar faci suke ce masa, kuma ƙa'idarsu ita ce ba mai shigar da facinsa da hannunsa, sai wani ya duba. Nata wani dattijo ne ke dubawa, tsohon mai gyaran rediyon jiragen ruwa a wata ƙasa mai nisa, wanda kowa ke kira Kyaftin. Ita kuma ta duba nasa.

"Baba," ta ɗaga murya, "na sami wanda ya fi ka tsanani. Sau uku yana maido min da layi ɗaya!"

"To ki gyara layin."

"Kai ma ɓangarensa kake."

Kafin azahar yayanta Dogo ya biyo daga garejinsa neman abinci, hannu duk baƙin mai. Bai kai ga ɗakin girki ba ta tare shi da wata ɗamara mai auna bugun zuciya.

"Yaya, don Allah, ɗan gudu kaɗan."

"Mai faci, yunwa nake ji. Ki bari in ci."

"In ka ci ba ka iya ɗaga ƙafa. Kuma kar ka taɓa min ita da wannan hannun."

Haka ƙaton mutum, magidanci mai 'ya'ya, ya tsaya a baranda yana gudu wuri ɗaya, ciki na rawa, Umma na dariya har da riƙe bango, har sai da aka ce masa daga ɗaki, "Ya isa, ya yi kore."

Sun ci abinci tare. Ta ce kanta na ɗan sarawa, ta sha magani. Ta ce an aiko mata saƙo daga gidan waya, wani ƙunshi ya iso. Ba wanda ya yi mamaki, don haka tarkacen nan suke zuwa, daga hannun mutanen da ba ta taɓa gani ba.

Bayan la'asar ta rataya jakarta.

"A sayo muku wani abu?"

"Sabulun wanki," in ji Umma. "Ba irin na ran nan ba."

Ta karɓi ƙunshin. A bakin matakalar gidan wayar ta faɗi. Mai sayar da rigunan waya a gefen titi ne ya ɗauki wayarta ya kira lambar da aka rubuta wa Baba. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a kai, irin wadda ba ta ba da sanarwa. Kafin magariba an rufe mata fuska.

Kwanakin gaisuwa suka zo suka wuce. Ɗakin yana rufe, jakarta na rataye a bayan ƙofa yadda Dogo ya rataye ta. Da baƙi suka tsagaita, wata safiya Baba ya dawo daga masallaci, ya zauna bakin gado, ya ga ashe jira yake yi. Ya tashi ya buɗe ɗakin.

Fitilun suna nan suna ƙiftawa. Baƙar kwamfutar na ta aikinta. A fuskarta layuka kore ne reras, na na'urorin da take gwadawa da kanta, sai wasu 'yan kaɗan rawaya. Ya zauna a kujerar da ya saba. Bai yi niyyar komai ba. Ya naɗe hannun riga, ya ɗaura abin da ƙyar da hannu ɗaya, ya danna. Ya matse, ya saki. Layi ɗaya ya koma kore.

Bai gama kwancewa ba sai rubutu daga Kyaftin ya bayyana a gefe, cikin harshen da ya yi jami'a da shi.

"Kin dawo! Ina kika shiga haka? Na yarda da layin naki, ke ce da gaskiya. Zo ki duba nawa."

Baba ya daɗe yana kallon rubutun. Sannan ya jawo kujera, ya rubuta da yatsa biyu cewa shi mahaifinta ne, ya faɗi abin da ya faru, da ranar, da abin da likita ya ce. Ya karanta ya gyara kuskure ɗaya, ya aika.

Washegari Kyaftin ya nemi su ga juna ta kwamfuta. Dogo ya haɗa musu. Dattijo ne fari fat da gemu, idanunsa sun yi ja. Umma ta tsaya a bakin ƙofa, Baba na fassara mata. Bayan ta'aziyya Kyaftin ya ce, in ba damuwa, yana so a haɗa shi da shugaban ɗakin gwajin da take aiki da su, ya yi musu gaisuwa su ma, da ma'aikatan.

"Wane ɗakin gwaji?" in ji Baba.

"Inda na'urorin suke. Jami'a ce ko kamfani? Ba ta taɓa faɗa ba, mu kuma ba mu tambaya."

Baba ya ce wa Dogo ya juya kyamarar. Ta bi kantocin a hankali, ta wuce fanka, ta wuce sikelin, ta tsaya a kan gado da bargon da aka ninke. Kyaftin ya cire tabaransa.

"Shekara da shekaru," ya ce daga baya, "kowace safiya sakamako na zuwa daga wurin nan. Ba ma sakin sabuwar fitowar manhajar sai ya zo. Kamfanonin da suka ƙera rabin waɗannan kayan sun mutu, ba wanda ke da su sai ita. Akwai waɗanda kwamfuta ba ta iya gwadawa ita kaɗai, sai da jikin mutum. Tana rubuta mana mai gwaji na ɗaya, na biyu, na uku. Mun ɗauka ma'aikata ne."

Baba ya fassara. Dogo ya share ido da bayan hannu.

"Tambaye shi, ni ne na nawa?"

"Wai mai gudun shi ne na uku."

"Ni da nake babba. Yarinyar nan ba ta da ta ido."

Umma kuwa ta dafe ƙirji. "Malam, tsaya. Wato duk duniya ta san nauyina ke nan?"

Da aka tambayi Kyaftin ya yi dariyar da ta ƙare da tari. Ya ce a'a, ko kusa. Abin da take aikowa shi ne sun gaisa ko ba su gaisa ba. Lamba ko ɗaya ba ta taɓa fita daga ɗakin ba, kuma ita ce ta kafa wannan doka ga kowa.

Daga nan ya shiga lissafa musu inda manhajar take. Tana cikin motocin haya da na gida, cikin wayoyi masu araha, cikin na'urorin da ke gefen gadon marasa lafiya, cikin abin da makafi ke karatu da shi da yatsa. Baba, da yake mutum ne mai son adadi, ya tambaya nawa ne. Kyaftin ya ce ba wanda ya sani. Ba a neman izini, ba a rajista. Wanda ya ɗauka ya ɗauka ke nan, sai in abu ya lalace ake jin ɗuriyarsa.

Da yamma Baba ya kasa shan shayinsa. Umma ta lura.

"Me ke cin ka?"

"Duk safiyar nan da take kira na. Ni take aunawa ko na'urar?"

"Ran da jininka ya hau, wa ya sa ka a mota ko takalmi ba ka gama sawa ba? Na'urar ce?"

Ya ɗauki shayin ya sha.

Tun daga ranar ya karɓi zagayen safe. Kyaftin ya nuna masa abin da bai sani ba, sauran kuwa ashe idonsa ya riƙe tun yana zaune yana kallon ta: wanda sai an riƙe madanninsa har fitila ta ƙifta sau biyu, wanda ba ya son a ajiye shi kusa da fanka, wanda sai an cire batir an mayar. Umma ta ci gaba da hawa sikeli, ba ta ƙara zagin sa ba. Dogo na biyowa ya yi gudunsa a baranda, ba mai dariya. Layuka suka koma kore gaba ɗaya. Baba ya ji ya sami abin yi da safiyarsa, kuma ya ƙudurta a ransa cewa ko tsinke ba zai fita daga ɗakin nan ba.

Sai dai manhajar ba ta tsaya inda Auta ta bar ta ba. Mutane na ta aiko faci, ana ta shigarwa. Wata safiya layin wani tsohon agogo ya yi ja. Baba ya canza batir, ya sake gwadawa, ja. Bayan mako rediyon motar ya bi sahu. Kyaftin ya bayyana masa cewa ba laifinsa ba ne: wani gyara ne a can ya taka wani abu a nan, kuma da Auta ce, da ta ɗauko na'urar sauraronta, ta ji abin da suke faɗa wa juna a iska, ta gano inda gaisuwar ta karkace. Dokarsu kuwa ita ce duk abin da ya yi ja aka rasa mai gyara shi, a fitowa ta gaba sai a daina alkawarin yana aiki.

Ana cikin haka Umma ta sauko da jakar don ta wanke. A ciki ta sami ƙunshin gidan waya, ba a buɗe ba. Baba ya yanke shi da reza. Wani madanni ne zagayayye, faɗinsa kamar murfin kwalba babba, launinsa ya koɗe a tsakiya. Ya nuna wa Kyaftin.

"Ashe ya iso," in ji dattijon.

Na wani mutum ne da jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Da haɓarsa yake danna shi, da shi yake buɗe waya, ya yi rubutu, ya kira 'yar'uwarsa in yana buƙatar a juya shi. Tun fitowar da ta wuce, haɗin ke yankewa bayan ɗan lokaci, sai wani ya zo ya sake haɗa masa. Masu ƙera shi sun rufe tuntuni. Guda biyu gare shi, 'yar'uwar ta aiko ɗaya saboda Auta ta ce a aiko, za ta duba.

"Nuna min yadda ake yi," in ji Baba.

Sun gwada. Baba ya jona na'urar sauraron yadda aka ce, ya danna madannin, ya zauna yana jira haɗin ya yanke, ya karanto wa Kyaftin abin da ya fito. Bai taɓa kuskuren lamba ba. Amma lambobin ba sa ce masa komai, kuma kowace amsa sai ta haifi tambayar da sai wanda abin ke hannunsa zai san ya yi ta. Suka yi kwanaki a haka. Daga ƙarshe Kyaftin ya sauke numfashi.

"Malam, zan faɗa maka gaskiya, don na ga kai mai son ta ne. Akwai wata mata cikinmu, malamar lissafi, 'yarka ce ta koya mata wannan hawan na manhajar. In abin nan na gabanta, ina jin za ta gano. Sauran ma haka. Akwai masu son su karɓa, kowa ya riƙe abin da zai iya. Ba na matsa maka. Kayan 'yarka ne."

"Suna nan lafiya inda suke," in ji Baba. "Ina kula da su."

"Na sani."

Da ya kashe kiran, Umma na tsaye a bayansa. Ba ta jin harshen, amma ta ji muryar mijinta.

"Ya ce a aika, ka ce a'a."

"Ita ta jera su da hannunta. Kowanne ta san dalilin da ta ajiye shi a inda yake."

"Malam, ni na haife ta. In rufe ɗakin nan zai dawo da ita, da ni zan haɗiye mabuɗin." Ta ɗauki madannin ta juya shi. "Amma wannan ba nata ba ne. Mai shi yana da rai, yana can kwance yana jiran a zo a juya shi."

Ya ɗauki hularsa ya ce zai je karɓo maganinsa.

Kwanakin baya Dogo ya sa masa wani abu a waya da Kyaftin ya ambata, mai nuna duk na'urar da ke sallama a kusa. Bai taɓa buɗe shi a waje ba. A tashar mota, yana jira, ya buɗe.

Fuskar wayar ta cika kafin ya gyara tabarau. Sunaye suka riƙa shigowa suna ture juna, wasu haruffa, wasu lambobi zalla. Wani ya bayyana ya ɓace tare da motar da ta wuce. Ya ɗaga kai. Titin yana nan yadda ya san shi, da hayaniyarsa da masu tsallakawa ba su duba ba. Ga wata mata tana tafe tana dariya ita kaɗai, abu a kunnenta. Ga kwandasta na ciro tikiti daga wata 'yar na'ura a ƙugunsa. Ga wani dattijo sa'ansa da abin ƙara ji a bayan kunne, yana amsa waya ba tare da ya ɗaga ta ba. Ya sake duba wayar. Duk wannan iskar da ya sha shaƙa a wurin, ashe cike take da sallama da amsawa, ba dare ba rana, kuma ba mai ji.

Bai ce wa kansa duka nata ba ne. Ya san bai san ko nawa ne ba. Amma wasu daga ciki, ko wannan ko wancan, da kalmomin da aka yi gardama a kansu a ƙarshen barandarsa suke gaisawa. Motar da yake jira ta zo ta tafi yana tsaye.

Ya tuna lokacin da yake aiki, yadda yakan wuce mutane suna tara hannu a famfo suna sha, ba wanda ya san da shi, kuma hakan shi ne alamar aikin ya yi. Amma shi sa shi aka yi, aka ba shi riga da hatimi. Ita ba wanda ya sa ta. Kuma ya san abu ɗaya tun daga wancan ɗakin gwajin: ruwan da aka ɗebo don a gwada, in ya kwana a hannun wanda ba zai iya gwada shi ba, an yi asarar ɗibar.

A kantin magani ya miƙa kati, yarinyar kantin ta kara shi a na'ura, takarda ta fito daga wata na'urar daban a can gefe, babu igiya tsakaninsu. Ya tsaya yana kallo har ta ce, "Baba, lafiya?" Ya ce lafiya lau. Daga nan bai koma gida ba sai da ya biya ya sayo kwali da tef.

Madannin ne ya fara tafiya. Malamar lissafin ta yi kusan wata tana fama da shi. Ashe tsohon abin yakan yi jinkirin amsawa in ya ɗan huta, sabuwar fitowar kuma ba ta da haƙurin jira. Facin bai fi 'yan layuka ba. Kyaftin ya duba, ya maido mata sau biyu, sannan ya shigar. Ta mayar wa mai shi kayansa. Saƙon da ya zo daga baya gajere ne, kuma shi ya rubuta da kansa.

Sauran kayan, Kyaftin ya sa hotonsu inda 'yan aikin ke taruwa, kowa ya faɗi wanda zai riƙe, da sharaɗin zai riƙa gwada shi kuma in ya yi ja shi ne mai gyara. Ba a bar Baba ya aika wa wanda bai yi wannan alkawarin ba, shi ma bai so ba. Ya naɗe kowanne daban. A cikin kowane kwali ya sa 'yar takarda da rubutunsa na ɗakin gwaji, ya faɗi halin abin: wannan a riƙe har ya ƙifta sau biyu, wannan ba ya son zafi. Agogunan suka tafi wajen wani direban jirgin ƙasa. Rediyon motar, wasu ɗalibai biyu suka karɓa. Na'urar awon jinin da sikelin da ɗamarar suka tafi gida ɗaya, wajen wani mai iyali da ya ce yana da suruka da ƙane marasa aikin yi da safe. Ma'aikacin gidan waya ya saba da Baba har yana ajiye masa kujera. Guda huɗu ba a sami mai karɓa ba, aka sanar a fili cewa an daina alkawari a kansu, ko mai amfani da su zai fito. Mutum ɗaya ya fito, aka aika masa nasa.

Baƙar kwamfutar, sai da Kyaftin ya kwashe abin da ke cikinta ya ce an gama, sannan Dogo ya kashe ta ya kai wa makarantar da 'yarsa take. Babban batirin yana garejinsa. Kantocin, telan da ke bakin layi ya zo da kansa ya kwance, yadudduka ne a kansu yanzu. Tufafinta Umma ta raba wa 'ya'yan 'yan'uwa, ban da mayafi ɗaya. Littattafan an kai ɗakin karatu na unguwa. Gadon yana nan, ana sauke baƙi, in ana ruwa kuma Umma kan ɗaura igiya ta shanya wanki a ɗakin.

Da suka janye teburin, a bayansa suka sami wata kwalba cike da ƙananan notuna, wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Baba ya ɗauki hotonta ya tambaya. Ba wanda ya san daga jikin me suka fito, kuma ba wanda ya ce nasa ya rasa ɗaya. Tana kan taga.